Dabino, Dawa da Zoɓo: Abin Sha a Tarihin Khartum da Omdurman

Kasuwar Suk al-Arabi tana tsakiyar birnin Khartum, daura da Babban Masallaci. Shekaru da dama ita ce matattarar motocin haya da 'yan tireda, kuma an san ta da rumfunan masu matse lemon tsami da masu sayar da karkade, wato zoɓo. Amma kaɗan ne daga cikin kayan haɗin abin shan suke fitowa daga birnin kansa. Zoɓo daga Kurdufan ake kawo shi, musamman garuruwan Rahad da Umm Ruwaba. Dabino kuwa daga arewa yake zuwa, daga Dongola da Karima da Marawi a gaɓar Kogin Nilu.

Da dabinon nan ake yin sharbot, wanda iyalai kan jiƙa lokacin Babbar Salla don ya sauƙaƙa nauyin nama. Idan aka bar shi ya kwana da yawa, sai ya fara bugarwa; idan aka dafa shi aka tace tururinsa, ya zama araki, barasa mai ƙarfi. Ita kuwa marisa da dawa ake yin ta, 'yar'uwar burkutu ce. Matafiyin nan Burckhardt ya tarar ana shan irinta a garin Barbar a shekarar 1814.

Hukuma ta daɗe tana kokawa da waɗannan biyun. Mahadi, wanda ya ci Khartum a 1885, ya haramta giya da taba, kuma aka riƙa yi wa masu sha bulala a Omdurman. Bayan yaƙin Karari na 1898, Turawan Ingila suka sassauta, 'yan kasuwa Girkawa suka buɗe kantunan barasar waje. Daga baya ma aka kafa masana'antar giya a Khartum Bahri.

A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka tuttular da kwalaben barasa cikin Nilu a bainar jama'a. Kantuna sun rufe, amma tukwanen araki sai suka koma bayan gida. Mafi yawan masu dafawa mata ne da yaƙi da fari suka koro daga kudu da duwatsun Nuba, waɗanda ba su da wata hanyar ciyar da 'ya'yansu. Dokar laifuka ta 1991 ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha, sai dai nauyin kamen ya fi sauka kan matan nan. Da yawansu sun yi zaman gidan yarin mata na Omdurman, wasu da goyo a baya.

A Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi wa dokar gyara, ta yarda wanda ba Musulmi ba ya sha a keɓe. Ba a cika shekara 3 ba yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da rundunar RSF, ranar 15 ga Afrilu 2023. Aka wawashe Suk al-Arabi, wuta ta ci wasu sassanta, kuma sai a watan Maris na 2025 soja suka sake karɓe tsakiyar birnin.