Badagiri: Garin Bakin Teku Da Muke Wucewa Ba Mu Tsayawa

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina tashi daga nan Suleja zuwa Ikko da Kwatano sarin atamfa da shadda. Duk mai bin wannan hanya ya san Badagiri, domin ta nan ake wucewa kafin a kai iyakar Seme. Amma tsakani da Allah, abin da na sani game da garin bai wuce shataletalen da mota ke ratsawa da shingayen jami'ai ba. Sai a tafiyata ta bara kaya suka makara, na kwana biyu a wurin wani ɗan'uwa mai sayar da albasa a can. Shi ne ya ce, "Malam, zo ka ga inda aka loda kakanninmu." Na ɗauka wasa yake yi.

Garin ba a bakin teku yake kai tsaye ba. Akwai wani dogon ruwa mai kama da kogi da ya bi gefen tekun, daga Ikko har Porto-Novo a ƙasar Benin, garin yana gefensa na arewa. Sai ka shiga kwalekwale ka haye zuwa wani siririn tsibiri mai suna Gberefu, ka taka yashi na kamar minti ashirin cikin itatuwan kwakwa, sannan teku ya bayyana. Babu wata tasha ta siminti da jirgi zai jingina. A da manyan jiragen Turawa can nesa suke tsayawa, masu kwalekwale su ratsa igiyar ruwa su kai musu kaya. Mutanen garin, Egun da Yarabawa Awori, har yau su masunta ne da manoman kwakwa, sarkinsu kuma Akran ake ce masa. Ni da na saba da Iku da Gurara, da na ga wannan ruwa ƙafata sai da ta yi sanyi.

Kayan da ake kai wa jiragen nan a ƙarni na 18 da farkon na 19, mutane ne. An nuna mana wurin kasuwar bayi ta Vlekete, da sarƙoƙi da mari a gidan tarihin iyalan Mobee. Na ɗaga wata sarƙar wuya, nauyinta ya ba ni tsoro. Sai gidan Seriki Williams Abass, mai ɗakuna arba'in da ake tsare bayi kafin jirgi ya zo, kowane da 'yar taga ɗaya can sama. Shi kansa bawa ne tun yana yaro, daga baya ya zama dillalin bayi, ya kuma riƙe sarautar Sarkin Musulmin Badagiri, ya rasu a 1919. Mai yi mana jagora ya nuna wata tsohuwar laima ya ce mutum arba'in aka bayar aka karɓe ta. Akwai kuma wata rijiya a tsibirin da suke cewa wanda ya sha ruwanta sai ya manta gida. Wannan dai zancen masu jagora ne, ni ban riƙe shi ba. Ɗakunan da sarƙoƙin kuwa da idona na gansu.

To ina ruwan Bahaushe? Ruwansa ne tsundum. Yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar Hausa bayan 1804 sun jefa mutane da yawa hannun 'yan kasuwa, ana sayar da su hannu zuwa hannu ta Nufe da Oyo har bakin teku, a loda su a Ikko ko Porto-Novo ko Wida ko nan Badagiri. Da yawansu Bahia aka kai su a ƙasar Brazil. A 1807 hukumar birnin Salvador ta bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa, a 1814 suka sake tashi. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, bayi Musulmi suka yi babban tawaye, akasarinsu Yarabawa amma da Hausawa a ciki, aka samu layu da takardu masu rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe. Almajirai ne irinmu, masu allo da tawada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, malamai sun riga sun yi magana. Tun 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Borno Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba. Hadisin da ke cikin Bukhari kan wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa kuwa, ko ɗan Islamiyya ya san shi. Duk da haka aka yi cinikin, kuma ba Bature ne ya shigo Katsina ya kama mutum ba. Mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan, domin ayari ne ya kai su, fatake ne suka ƙirga wuri.

Akwai wani Bagobiri da labarinsa ya kamata yaranmu su sani. Sunansa Abubakar, Turawa suna ce masa William Pascoe. An kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya kai bakin teku aka sa shi a jirgin bayi, sai jirgin yaƙin Ingila ya tare su ya ƙwace su. Ya zauna yana aikin jirgin ruwa tare da su. A ƙarshen 1825 shi ne tafintan Kyaftin Clapperton lokacin da suka sauka a nan Badagiri za su Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Suka bi ta Oyo da Bussa da Kano. Clapperton ya mutu a Sakkwato a Afrilun 1827, yaronsa Richard Lander da Abubakar suka juyo har Badagiri a ƙarshen shekarar. Ku lura, a lokacin ko ganuwar garin nan namu ba a gina ba, sai a 1828 Abu Ja ya kafa Abuja, wadda yau muke kira Suleja. A 1830 Lander ya sake sauka a Badagiri da ƙaninsa, Abubakar yana tare da su, suka kai Yawuri, suka bi Kwara a kwalekwale har inda ta faɗa teku. Littattafan makaranta sunan Lander suke kawowa. Wanda ya yi musu magana da sarakuna da masu fito a hanya, ba kasafai ake ambatonsa ba.

Sauran abubuwan kallo na wuce su da sauri. Akwai benen 'yan mishan na 1845 da ake cewa shi ne bene na farko a Najeriya. Na yi murmushi kawai, domin wanda ya san sorayen Kano da Zariya ba zai karɓi wannan magana yadda aka faɗe ta ba, sai dai a ce na farko irin ginin Turawa. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, amma bai tsaya ba sai bayan Brazil ta rufe ƙofarta a 1850. A 1863 garin ya shiga hannun Ingila, kasuwa ta koma Ikko, Badagiri ya zauna da kifinsa da kwakwarsa.

La'asar ta same mu a bakin tekun, wurin da suke kira inda ba a dawowa. Muka yi alwala da ruwan gora, ɗan'uwan nan ya ce in ja mu salla. Bayan sallama na yi wa waɗanda suka bi ta wannan yashi addu'a, ban san sunan ko ɗaya ba. Mai kwalekwale ya yi ta ɗaga mana hannu wai ruwa zai tashi, muka tattara takalmanmu muka koma.