Juriyar 'Yan Daudu a Kano da Katsina Kafin da Bayan Shekarar 2000

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da 'yan daudu suka bi suka jure tsangwama a biranen Kano da Katsina, ta hanyar bitar ayyukan masana da dokokin da aka kafa daga 2000 zuwa 2014. Ta nuna cewa juriyar ta dogara ne kan sana'a da zumuncin ƙulli da harshe, kuma dokokin sun faɗa ne kan waɗannan ginshiƙai.

Gabatarwa

A ƙauye irin Birchi da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, kowa ya san ɗan gidan wane. Yaron da aka fara yi wa gori kan tafiyarsa ko maganarsa ba shi da wurin ɓuya, abin kunyar kuma kan iyayensa ake ɗora shi. Shi ya sa tarihin daudu ya fi zama tarihin birni da tasha. Ya kamata a bambance tun farko: daudu ɗabi'a ce da sana'a irin ta mata, ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Sai dai tsangwama ba ta tsayawa tantance wannan.

Ginshiƙan Juriya

Renée Pittin, wadda ta yi bincike a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta bayyana gidajen mata masu zaman kansu, inda 'yan daudu ke zama suna shiga tsakanin matan da maza baƙi. Fremont Besmer (1983) ya nuna matsayinsu a harkar bori a Kano. Rudolf Gaudio kuwa, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990 ya wallafa littafinsa a 2009, shi ya fi zurfafawa.

Ginshiƙi na farko shi ne abinci. Tuwo da miya da soyayyiyar kaza a tasha da kasuwa sun ba ɗan daudu abin da zagi ba ya ƙwacewa, wato kuɗin kansa. Direban da ya yi masa ba'a da rana, shi ne zai miƙo kwano da dare. Wanda ke aika wa mahaifiyarsa kuɗi a ƙauye, ya yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki, da wuya dangi su yanke shi gaba ɗaya. Wasu sun kai wannan sana'a har Saudiyya.

Na biyu, kuma a ganin wannan nazari shi ne mafi muhimmanci, shi ne tsarin uwa da 'ya. Sabon shigowa yakan raɓi babban ɗan daudu da ake kira uwa, a ba shi makwanci, a koya masa girki, a tsaya masa in ya shiga hannun hukuma, daga baya a ba shi jari. Tsararraki kuma ƙawaye ne, da biki da gudummawa a tsakaninsu. Ba ƙungiya ba ce mai rajista, tsari ne da aka aro daga zumuncin matan Hausawa, kuma yana yin aikin da yau ake kashe kuɗi da taruka ana son ƙirƙirowa. Yana da nasa zaluncin, domin uwa kan ci gumin 'ya, amma ya hana mutane da yawa kwana a titi.

Na uku harshe ne. Gaudio ya rubuta yadda habaici ke zama garkuwa a bainar jama'a, da yadda yaren harka ke ɓoye zance ga wanda ba na ciki ba. Ya kuma lura cewa mutanen da ya zauna da su suna ɗaukar kansu Musulmi, suna salla da azumi da burin aikin Hajji.

Abin da Dokoki Suka Sauya

Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoba 1999, Kano da Katsina suka bi a 2000, aka kafa Hukumar Hisba ta Kano da doka a 2003. Rufe gidajen mata da takura wa bori sun raba 'yan daudu da matsuguni da kasuwa. A Agusta 2007 an kama mutum 18 a wani otal a Bauchi, aka tuhume su da shigar mata. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiya ko mai tallafa mata. Sashe na biyun ne ya fi ta'adi, domin duk taron biki na iya zama abin zargi. A Disamba 2022 Hisba ta kama mutum 19 a Kano bisa zargin halartar irin wannan aure.

Illar ta fi fitowa fili a fannin lafiya. Binciken Schwartz da abokan aikinta (2015) kan maza masu neman maza a Abuja ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 38 bayan dokar. Mai ɗauke da ƙanjamau da ya guje wa gwaji, in yana da aure, matarsa ma tana cikin haɗari.

Shawara

Shirye-shiryen da ke zuwa da laƙabobi da tutoci daga Turai da Amurka suna fallasa mutanen da rufin asiri ya raya. Abin da ya fi dacewa shi ne ma'aikatan lafiya a jihohin Katsina da Kano su riƙe sirrin majinyaci kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta wajabta, su kuma isar da gwaji da magani ta hannun waɗanda 'yan daudu suka riga suka amince da su.