Tarihin Babban Ogan Na Majami'ar Notre-Dame

Tun da wannan littafi na tuna aikin waɗanda suka riga mu ne, ya dace mu dubi wani kayan sujada da aka yi ta gyarawa ana ƙara masa girma wajen shekara 300, wato babban ogan na majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris, a ƙasar Faransa.

Ogan irin wannan taron sarewa ne. Zugazugi na tura iska cikin akwatuna, mai kiɗa ya danna da yatsa ko da ƙafa, sai iska ta shiga bututun da ya zaɓa. Yawancin bututun na kuza ne haɗe da dalma, wasu kuma na katako. Mafi tsawo ya kai ƙafa 32, ƙananan kuwa ba su fi fensir ba.

François Thierry ne ya gama gina shi a 1733. Ya tsira daga juyin juya halin Faransa, lokacin da aka hana sujada a majami'ar. Amma wanda ya ba shi muryar da aka san shi da ita shi ne Aristide Cavaillé-Coll, wanda ya sake gina shi a 1868 da muryoyi 86. Abin da ya sa nake girmama wannan mutum shi ne, bai zubar da aikin magabata ba. Bututun da ya tarar masu kyau ya bar su, ya sa nasa kusa da su. A kan wannan ogan ne Louis Vierne, wanda da ƙyar yake gani, ya yi hidima tun daga 1900, har ya rasu yana zaune a gabansa cikin kiɗa a 1937.

Bayan haka aka sa masa lantarki, a 1992 kuma aka haɗa shi da kwamfuta. Yau yana da muryoyi 115 da bututu kimanin 8,000.

Ran 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar. Wuta ba ta taɓa ogan ɗin ba, sai dai rufin na dalma ne, ƙurarta mai guba kuwa ta shiga kowane lungu nasa. A 2020 aka sauke bututun ɗaya bayan ɗaya, aka wanke, aka sabunta fatun tumaki da ke riƙe iska. Da aka mai da su, daidaita muryoyin ya ɗauki wata shida, da dare kuma ake yi, gama kunnen mai gyara ba ya aiki cikin ƙarar magina.

Ran 7 ga Disamba 2024 aka sake buɗe majami'ar. Babban Bishop Laurent Ulrich ya tsaya ya kira ogan ɗin har sau takwas, kowane kira kuma mai kiɗa ya amsa masa daga bisa.