Harajin Kiwon Kaji: Yadda Ake Kimanta Kajin da Suka Rage

Haraji a kan riba yake, ba a kan yawan kajin da ke keji ba. Mai kiwo da sunansa hukumar harajin jihar da yake zaune yake biya, kamar LIRS a Legas, kuma ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa kafin ƙarshen Maris. Kamfani mai rajista kuwa na tarayya ne.

Inda 'yan uwa ke ruɗewa shi ne kajin da ba a sayar ba. Ranar 31 ga Disamba a ƙirga su, a sa musu kima, don suna cikin lissafi. Kajin nama ana iya kimanta su da abin da aka kashe: kuɗin tsako, abinci da magani. Kajin ƙwai kuma darajarsu na raguwa yayin da suke tsufa. Hanyar da ka ɗauka bana, ita za ka bi baɗi.

Misali: ka fara shekara da kajin ₦500,000, ka kashe ₦2,400,000, ka yi cinikin ₦3,000,000, kajin ₦900,000 suka rage. Ribarka ₦1,000,000 ke nan. A dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, ₦800,000 na farko babu haraji. Ragowar ₦200,000 kashi 15 ne, wato ₦30,000.

Ka adana rasit, ka rubuta duk kazar da ta mutu da kwanan wata. Asarar da ba ta cikin littafi, da wuya jami'in haraji ya yarda da ita.