Haɗejiya

Haɗejiya (ana kuma rubuta Haɗeja ko Hadejia) gari ne a gabashin Jihar Jigawa, arewacin Najeriya. Shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Haɗejiya, kuma mazaunin Sarkin Haɗejiya. Garin yana gefen arewa na Kogin Haɗejiya, a bakin fadamar da ta miƙa gabas har zuwa Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. Yana cikin Jihar Kano har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Asalin suna da tarihi

Bisa tarihin baka, sunan garin ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya, waɗanda aka ce su ne suka fara zama a wurin. Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yankin ya kasu zuwa ƙananan masarautu bakwai: Haɗejiya, Auyo, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Dukansu suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. Ana danganta Garun Gabas da Biram ta cikin Hausa Bakwai.

A farkon ƙarni na 19 Fulanin yankin suka karɓi tutar jihadi, kuma Sarki Sambo ya haɗe waɗannan ƙasashe ƙarƙashin Haɗejiya. Sarki Buhari, wanda ya rasu a 1863, ya yi suna saboda bijire wa Sakkwato. A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka ci garin da yaƙi, inda Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasu a fagen daga. Sarkin yanzu, Alhaji Adamu Abubakar Maje, ya hau gadon sarauta a 2002.

Yanayin ƙasa

Haɗejiya tana kusa da digiri 12 da rabi a arewa da digiri 10 a gabas, tafiyar kimanin kilomita 200 a mota daga Kano. Ƙaramar hukumar ba ta da faɗin ƙasa sosai. Ta yi iyaka da Malam Madori a arewa, Kirikasamma a gabas, da Auyo a yamma. Masarautar kuwa ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu duwatsu. Ta kasu kashi biyu: jigawa, wato tudun rairayi inda ake noman gero, dawa, wake da riɗi, sai fadama mai laka wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina. Damina takan kama daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan sama na shekara yakan kasance tsakanin milimita 500 da 700. Hunturu yana zuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, zafi kuma ya fi tsanani a Afrilu da Mayu.

Kogi da fadama

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Da ya wuce garin sai ya rarrabu zuwa rassa, ciki har da Marma da Burum Gana, saboda ƙasar ba ta da gangara. Daga bisani ruwan yana haɗuwa da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe wanda ke zuba a Tafkin Chadi.

Wannan rarrabuwa ita ta haifar da dausayin Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Asiya ke sauka a lokacin sanyi. An sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, sannan dausayin Baturiya da ke Kirikasamma ya shiga a 2008.

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda kogin ke gudana. A da ruwa yakan yi ambaliya da damina, ya ja baya da rani, ya bar danshi ga manoma da ciyawa ga makiyaya. Yanzu ambaliyar shekara ta ragu, ana kuma sakin ruwa har da rani. Rashin bushewar wasu rassan ya ba ciyawar kachalla damar yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Idan hanyar ruwa ta toshe, wasu ƙauyuka sukan rasa ruwa yayin da wasu ke nutsewa. An yi mummunar ambaliya a yankin a shekarun 2012, 2018, 2020 da 2022, wadda ta lalata gonakin shinkafa da gidaje. Kula da madatsun da aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya da ke wajen Auyo yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Al'umma

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Haɗejiya tana da mutane sama da 100,000, a jihar da ke da sama da miliyan 4. Saboda ƙarancin fili, cunkoson jama'a a nan ya fi na sauran ƙananan hukumomin masarautar.

Mafi yawan mazauna garin Hausawa ne da Fulani. A ƙasar masarautar akwai Mangawa, wani reshe na Barebari, musamman a Birniwa, Kirikasamma, Malam Madori, Kaugama da Guri, akwai kuma Badawa a wajen Guri. Mutanen Auyo suna da nasu harshen a da, Auyakanci, dangin Badanci, amma ya ɓace, zuriyarsu sun koma magana da Hausa. Hausa ita ce harshen kasuwa da zamantakewa, kuma karin Haɗejiya yana cikin karorin gabas. Kusan dukkan 'yan asalin yankin Musulmi ne. Akwai Kiristoci kaɗan, yawancinsu Ibo da Yarabawa da sauran 'yan kasuwa da ma'aikata da suka zo daga wasu jihohi.

Sana'o'i da ilimi

Noma, su da kiwo su ne ginshiƙin rayuwa. Ana noman shinkafa a fadama, da rani kuma alkama, tumatir, barkono da albasa. Kasuwar kifin Haɗejiya tana jawo fatake daga kudancin ƙasar, musamman masu sayen busasshen kifi. Da rani Fulani makiyaya sukan gangaro fadama neman ciyawa da ruwa, kuma yayin da noman rani ke faɗaɗa, ana samun saɓani tsakaninsu da manoma kan burtali da mashaya.

A garin akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da babban asibiti, Jami'ar Sule Lamido kuma tana Kafin Hausa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru bai ratsa garin ba, ya bi ta Malam Madori da Birniwa.