Azara da Rumbu: Gadon da Bai Iso Zongo Ba

Idan aka ambaci ginin Hausa, laka ce ke fara zuwa bakin mutane, alhali itace ne ƙashin bayansa. Magina na tsaga gangar giginya su fitar da azara, itace mai nauyi wanda gara ba ta cin sa da sauƙi. Sai dai azara ba ta iya ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai, bayan kamu kaɗan takan lanƙwashe. Wannan gazawa ce ta haifi gwaninta: aka riƙa jera gajerun azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su, a lulluɓe da laka, har su haɗu a sama su zama baka. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin ƙarni na 19.

A karkara, inda itace da laka suka fi yin aiki shi ne wurin ajiyar hatsi. Akan dasa duwatsu, a gitta itatuwa a kansu, sannan a tayar da rumbu na kara ko zana, ko kuwa rufewa ta laka, a kifa mata jinka. Tazarar da ke ƙasa tana hana laima da gara isa ga gero da dawa, iska kuma ta ratsa. Rumbu shi ne taskar gandu. Da yawansa ake auna ƙarfin gida, kuma buɗe shi sai da izinin maigida.

Kakanninmu da suka sauka Accra, wadda suke kira Ankara, fatake ne da malamai da sojoji da masu harkar shanu. Malam Bako ya kafa Sabon Zongo wajen 1912. Nima kuwa ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Futa ya sami fili daga hannun mutanen Ga don shanunsa, har yau ma akwai unguwar da ake kira Ruga. Sun zo da tsarin gida, wato zaure a gaba, cikin gida a baya, amma ba su zo da gona ba. Wanda ke auno abinci a kasuwa ba ya bukatar rumbu. Kwano na sauka ta tashar jirgin ruwa, katakon odum da wawa na zuwa daga kurmi, don haka kafinta ya karɓe aikin da a Kano yake hannun mutanen Sarkin Magina.

Yau yaron da ya tashi tsakanin Circle da Maamobi yakan ji ana cewa “rumbun ilimi” ba tare da ya taɓa ganin rumbu ba. A arewa ma siminti da kwano na korar azara, giginya kuma tana daɗewa kafin ta isa sara. Amma sana'ar ba ta mutu ba: a ƙauyen Yaama na jihar Tahoua, Falke Barmu ya soma ginin masallacin laka da itace a 1962, aikin ya ci lambar Aga Khan a 1986. A Ingila kuma ana kula da rumbunan katako na Cressing Temple da aka gina tun ƙarni na 13, mutane na zuwa kallonsu.

Namu rabon gadon yana cikin tsofaffin zaurukan Sabon Zongo da Nima, waɗanda ake rushewa ɗaya bayan ɗaya don tayar da bene. Kafin magada su sayar, a ɗauki hoton gidan, a auna shi, a tambayi dattawa wa ya gina shi da kuma daga ina aka kawo itacensa. Allah Ya jiƙan magabata.