Kumburin jijiyoyin jini a harshe: abin da ya kamata a sani kafin allurar barci

Akwai mutanen da ake haihuwa da jijiyoyin jini masu faɗi, a cukurkuɗe cikin harshe. Wurin yana da laushi, launinsa shuɗi-shuɗi, yana lotsawa in an danna, yana cika in mutum ya sunkuya ko yaro ya yi kuka. Yana girma tare da mai shi, yakan ƙaru lokacin balaga ko goyon ciki. Ya bambanta da jan tabon jarirai mai raguwa da kansa, wanda tun 2008 likitocin Bordo a Faransa suka gano maganin propranolol yana motsar da shi.

Babban haɗari a ɗakin tiyata shi ne numfashi. In maganin barci ya kama, naman maƙogwaro yana saki, harshe mai nauyi ya faɗa baya ya toshe hanyar iska. Ƙarfen da ake ɗaga harshe da shi don zura tiyon numfashi yana iya fasa jijiya, jini ya gangara huhu.

Shi ya sa likitan barci yake shiri tun da wuri. Yana duba baki, ya nemi hoton ekografi ko sikana don sanin zurfin kumburin, ya tanadi jini. Ana ɗaga kan majinyaci. In kumburin babba ne, ana kashe zafin hanci da maƙogwaro, a zura tiyo ta hanci da siririyar kyamara, mutum yana farke yana numfashi da kansa. In hakan ya gagara, ana huda maƙogwaro ta wuya. Bayan aiki harshe yana ƙara kumbura kwana 1 zuwa 2, don haka ba a gaggawar cire tiyon.

Ga mutanen Gidimuni da kewaye, wannan aiki ya fi ƙarfin likitar gari. A karɓi takardar turawa zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram. Kada a bari wanzami ya tsaga wurin, domin jininsa yana da wuyar tsayawa. Ko wata tiyata za a yi, kamar fiɗar haihuwa, a nuna wa likita harshen, a faɗa masa in ana minshari ko an taɓa zubar da jini. A daina cin abinci awa 6 kafin aiki.